Tambaya ta Bakwai

Mu uku ne a teburi guda:
ni, da Barira, da gwiwar hannun Barira.
Mu tamanin da huɗu a aji,
alli ɗaya, Mushe Mutari na ɓara shi biyu
kamar goron da za a ba baƙo.

Ran Asabar, in lise ta yi tsit,
sai ya ware mu tara zuwa gindin bedi.
Tablo a jingine, akuyar mai gadi na leƙe.
Ya ce, "Lissafi ba ya son mai gaggawa,
ba ya kuma jiran mai nawa.
Fassuma, tashi. Ina kika baro x?"
A layin famfo na baro shi, Mushe.
Amma a ciki na faɗa.

Don a Garin Malam ruwa baƙon dare ne.
Ƙarfe uku yake sallama, in ya ga dama,
ya yi tari, ya yi kaki, ya tofo iska,
kana ya tsiyayo kamar mai biyan tsohon bashi.
Jarka shida ke wuyana kafin assalatu.
A nan nake bita,
tocila a haƙora,
kaye bisa gwiwa, sauro bisa kaye.

Ranar gasa an zo daga ko'ina,
ƴan Mirriya, ƴan Magariya cike da mota,
da wani dogo daga Tanut da bai ce uffan ba,
bik uku a aljihu, sai ka ce yaƙi za shi.
Inna ta ƙulle mini dala ashirin a gefen zane,
ta ce in sha ruwan leda in kai ya ɗau zafi.

Ta ɗaya zuwa ta shida na bi su a sannu
yadda ake taka duwatsun Birni da silifa.
Sai ga ta bakwai:
"Famfo na zuba lita goma sha biyu a minti,
ba tsayawa.
Yaushe zai cika tankin lita ɗari tara?"

Ba tsayawa!
Dariya ta kubce mini,
mai tsaro ya leƙo ta saman tabarau.
Awa ɗaya da kwata, na sani, na rubuta,
amma na kasa barin garin.
Na zauna bakin wannan famfo na takarda
ina kallon ruwa da rana tsaka.
Na wanke zannuwan gidanmu duka,
na shayar da zogalen da ya ƙi girma,
na bar Inna ta yi barci har hantsi,
ban ta da kowa ba.
Da na dawo, agogo ya cinye minti goma,
ta takwas na kwance, ko gaishe ta ban yi ba.

Dogon Tanut ya zo na ɗaya. Ya cancanta.
Ni ta uku: ƙamus mai jan bango da kwalin bik.
Mushe bai yi faɗa ba.
Ya dubi takardata ya daɗe,
ya ce, "Nan kika tsaya shan ruwa?"

Daren nan ma ina layi.
Iya Dije ta taɓo ni da sanda:
"Ƴar lakkol, yaushe za a zo kaina?"
Na ƙirga. Jarka goma sha ɗaya gabanta,
minti bakwai kowace.
"Awa guda da minti sha bakwai, Iya,
je ki kishingiɗa, zan kira ki."
Ta tafi tana sa mini albarka.

Ba ta kai zaure ba famfo ya yi tari.
Ya sake.
Layi ya yi shiru.
Na gyara tocila a haƙora,
na buɗe kaye, shafin baya,
na sa wa tarin suna x.