Darasin Laraba a Aboabo

Na zana layi biyu a kan allo,
ɗaya na hawa, ɗaya na gangara,
na ce, inda suka gamu, nan farashi ke kwana.

Barikisu ta ɗaga hannu daga bencin baya.
Malam, uwata na sai da tumatir a Kejetia,
kullum mai tikiti sai ya karɓi nasa.
Shi a wane layi yake zaune?

Na ajiye alli.
Na ce, kwatar bayan rumfarta, wa ya haƙa?
Fitilar titi, motar kashe gobara,
mai duba sikeli kada ya ci awo,
ba a kasa su a faranti.
Kuɗin tikiti ke nan, in an riƙe amana.

Ta ce, kwatar ta toshe tun bara.

Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba.
Na goge layukana da tafin hannu,
na rubuta maganarta da manyan baƙaƙe.
Gobe kowa ya zo da tikitin uwarsa,
mu tara, mu lissafa,
mu ga inda ruwan ya tsaya.

A waje yaron mota na ta kiran Adum, Adum.