Lissafin Albasa

Sau biyu jami'a ta rufe mini ƙofa.
Sau biyu na bi jerin sunaye da yatsa
har ƙasan takarda, babu Lantana.
Baba bai ce uffan ba,
ya ci gaba da ware ruɓaɓɓiya daga lafiyayya,
muka bar wa yajin albasa laifin hawayenmu.

Tanimu tela ne ya kawo zancen:
akwai wata kwaleji bayan gadar Agege,
bene hawa biyu, fenti duk ya kwaile,
manya ba sa kiran sunanta a taro,
amma tana karɓar irinmu.

Na tafi, ba don so ba.
Danfo biyu daga Ketu,
kwandasta rataye a ƙofa kamar shanya,
ruwan sama ya cika kwata, kwata ta cika titi,
na isa da takalmi a hannu.

Ga ajinmu:
Barau mai gadin banki, idonsa ja da aikin dare,
Nkiru da goyonta,
wani dattijo da ya gaji da biyan yara
su karanta masa takardar fansho,
sai ni, 'yar Cindo mai albasa,
ina ɓoye hannu kada a ji wari.

Malam Akinwale, alli har gira,
ya tsaga allo da layi ɗaya.
"Nan abin da ya shigo. Nan abin da ya fita.
Kasuwa duk girmanta a nan take kwana."
Aka ɗauke wuta.
Ya kunna fitilar waya, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Wani dare na ɗauko kwalin Baba,
wanda yake yi wa zane da gawayi,
huɗu a tsaye, na biyar a gicciye,
na juye shi cikin littafi mai layi.
Buhu sittin daga Aliero,
kuɗin mota, kuɗin 'yan dako, la'ada,
tikitin ƙofar kasuwa,
da bakwai ɗin da damina ta cinye.
Na tara, na ɗebe, na sake tarawa.
Sai ga rami a gindin shafi:
buhu biyu a kowace mota,
shekara uku, suna bin dillali gida.

Baba ya daɗe yana kallon lambobin
da bai san gabansu da bayansu ba.
Ya ce, "Sake faɗa mini, a hankali."
Tun da nake, bai taɓa roƙo na komai ba
sai ranar.

Shekara ta biyu suka tura ni koyon aiki
gidan sanyin kifi a Ijora.
Ikko na tafasa a waje,
ni ina hura yatsu, ina ƙirga katan.
Wata huɗu ko ɗaya bai ɓata ba.
Madam ta dube ni ta saman tabarau,
ta ce in na gama in dawo, kujera ba ta gudu.

Barau yanzu yana cikin bankin,
wani ne ke buɗe masa ƙofa.
Goyon Nkiru ya fara tafiya
tsakanin kantocin shagon uwarsa.
Dattijon bai kai ƙarshen zango ba,
amma ya karanta takardarsa, mun shaida.

Yau wasiƙa biyu ke jakata.
Ɗaya daga Ijora, da albashi a rubuce.
Ɗaya daga jami'ar nan mai rufe ƙofa,
wai in shigo aji biyu kai tsaye.
Ban zaɓa ba tukuna.
Na dai tsaga shafi da layi ɗaya
yadda aka koya mini,
ina jiran ruwa ya tsagaita.

A zaure Baba na zaune kan buhu,
biro a hannun da ya saba da gawayi.
Yana rubuta bakwai, tana fitowa a juye,
yana lasar babban yatsa,
yana gogewa,
yana sakewa.