Kwalbar Sa'adu

Jikana Sa'adu ya dawo daga Ringim
da 'yar kwalba, ba ta kai tsawon yatsa ba.
Wai in fesa a hanci kafin in shiga kasuwar Gujungu,
inda mura ke bin rumfa-rumfa
kamar mai karɓar bashi.

Na ce, yaro, ni da citta da kanumfari
mun girmi ubanka.
Ya ce, Iya, cittarki ihu bayan hari ce,
wannan kuwa a zaure take kwana.

Da na fesa, sanyi ya hau har ƙwaƙwalwa,
hawaye suka zubo,
akuyata ta tsaya kallona.

Daminar bana Tabawa ta kwanta, Kande ta kwanta,
ni ina nan bakin faifan daddawata.
Cittar ma ban daina ba,
kada tsohuwar ƙawa ta yi fushi.