Harafi Goma Sha Uku

A Bradford wasiƙa ta faɗo ta ramin ƙofa,
farar ambulan mai taga, sunana yana leƙe.
Na ɗora tabarau, na shimfiɗa ta kan tebur
kusa da shayin da ya huce.

Kalmar farko ta fi layin bas na safe tsawo.
Na bi ta da yatsa, harafi goma sha uku,
numfashi ya ƙare ban kai wutsiyarta ba.
Anfochunetli.
Rumasa'u ta leƙo ta kafaɗata:
"Baba, a'a ce fa. Babbar riga suka sa mata."

Tun daga ranar na gane mutanen nan.
In za su hana ka, sai su ja maganar kamar danƙo.
Ridandansi, wai gobe kada ka zo aiki.
Akomodeshan, ɗaki guda da bango mai gumi.
A asibiti na ga wata ta cika allo har tana neman faɗowa,
na tsaya ina salati, na zaci sunan ajali ne,
ashe kunne ne da hanci da maƙogwaro.
Tsawon rake dai ba shi ne zaƙinsa ba.

Amma daren da muka dawo daga maƙabarta ba uwar Rumasa'u,
tsohuwa Misis Ackroyd ta ƙwanƙwasa ƙofa,
tukunyar miya a hannunta, ruwan sama a gashinta.
"Sori," ta ce. Ba ta ƙara komai ba.

Shekara uku ke nan ina buɗe ƙamus,
har yau ban gama fassara ta ba.