Ɗigo Nawa?

Ƙarfe bakwai na safe a Belo Horizonte
nakan buɗe kwalba ta goma sha tara.
Gizo-gizon da aka tsinto cikin nonon ayaba
ya ɗaga ƙafafun gaba sama
kamar mai rantsuwa a kotu.
In sa masa iskar barci, in taɓa shi da ɗan lantarki,
ya ba ni abin da bai kai hawayen sauro ba.
Sai na tatsi ɗari kafin gindin kwalba ya jiƙe.

A hawa na biyu Dakta Odair ke tankaɗe dafin,
yana neman guntun furotin guda tak
mai rufe ƙofar da zogi ke bi ya hau jijiya.

Ɓeran da ya kwana uku yana ɗage ƙafa
jiya ya taka ta, ya ci, har ya yi susa.
Maƙwabcinsa mun ƙara masa kaɗan,
kaɗan ɗin da sikeli ma sai da ya yi shakka.
Ya kama makyarkyata, ya miƙe,
bai ga tsakar rana ba.
Na rubuta lambobin biyu a layi ɗaya.
Tsakaninsu silin gashi ma sai ya matse.

Babana Valdomiro,
shekara arba'in yana tsinkar kofi a gangaren dutse,
yanzu zanen gado garwashi ne a tafin ƙafarsa.
Ciwon suga ya cinye masa dare.
Ya tsoma sawu a robar ƙanƙara,
ya ce, "Neusa, ke da kike kiwon maganin,
ɗigo ɗaya, a ɓoye. Wa zai sani?"

Na ce, "Baba, ɗigo nawa?
Na ɓera ma ba mu gama sani ba,
balle na tsoho mai kilo sittin da takwas
da ƙodar da ta gaji."

Ya juya wa bango fuska.
Na ƙara ƙanƙara, na riƙe masa duga-dugai
har motar shara ta wuce.
Ban ce masa saura shekara goma ba.
Shi ma bai tambaya ba,
ya san lissafin shuka.

Da safe, kwalba ta goma sha tara.
Ya sake ɗaga ƙafafu.
Na ce, sauke, yau ma kaɗan nake so.