Awon Inuwa

Daga Katsina aka aiko ni da fam mai gurbi ashirin da biyu,
da ma'aunin zafi, da kwalabe shida na ɗibar ƙasa.
Aka ce: je ka gabas da Daura,
ka gano mana ko gilashin nan na cutar gona.

Na iso da hantsi.
Farantan sola a jere bisa ƙafafun ƙarfe,
tsayinsu ya wuce tozon raƙumi,
duk sun karkata kudu kamar masu sauraren zance ɗaya.
Ƙarƙashinsu Sallau na duƙe cikin barkono,
bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen kuyya.

Na soka ma'auni a fili: arba'in da bakwai.
Na soka a inuwa: talatin da tara.
Alƙalamina ya ji daɗi.
Sallau ya ce, "Ai tafin ƙafata ya riga ka sani.
Da sau biyu nake ban ruwa, yau sau ɗaya.
Yakuwa ta yi faɗi, alayyafo ya daina yaushi.
Gero kuwa ɗan rana ne.
Na gwada shi bara, ya miƙe siriri yana neman uwarsa,
zangarniyar ba ido."

Gurbi na tara: itatuwan da aka sare.
Gawo bakwai, aduwa uku, kanya ɗaya.
Ya ɗora ƙafa a kan kututture.
"Gawo da damina yake tuɓe riga ya bar wa shuka rana,
da rani ya yafa, ya zubo wa awaki 'ya'ya.
Tambayi gilashinka ko ya iya wannan ladabi."
Fam bai bar wurin ladabi ba.
Na sa goma sha ɗaya.

Inda ruwan sama ke zuba daga leɓen faranti
ƙasa ta tsage, miƙaƙƙen layi, zurfin taƙi guda.
Ya dasa jema a cikin tsagar
ba tare da wani injiniya ya ce masa ba.

A bakin rijiya Tabawa ta nuna mini ƙulli biyu a igiyar guga,
ƙarin da ta yi cikin shekara uku.
Jarka goma sha biyu ake wanke gilashi da ita duk Asabar.
Wankin ne, ko famfo, ko damina biyu da suka yi rowa?
Ta dube ni, na dubi kwalabena.

Julde bai yi magana da yawa ba.
Ya nuna da sanda inda burtali ya bi da,
ya nuna waya,
ya kora shanunsa ta doguwar hanya.

Da dare na kwana a barandar asibitin ƙauye.
Firjin rigakafi na numfashi a hankali,
janareta na kwance a lungu, gizo-gizo ya yi masa riga.
Ma'aikaciyar jinya ta ce tun da ya yi shiru
take jin kukan gyare,
kuma ba ta ƙara karɓar haihuwa da tocila a baki ba.

Bayan sito akwai faranti ɗaya da ƙanƙara ta fasa,
an jingine shi, fuska ga bango.
Na tambayi inda ake binne irinsu.
Kowa ya ce ai sai nan da shekara ashirin da biyar.
Autan Sallau na tsugune gefensa
yana tsintar ɓarɓashin gilashi cikin gwangwanin madara.

Gurbi na ƙarshe: mai amfani ne ko mai illa? Zaɓi ɗaya.
Na daɗe da alƙalami a sama.
Sai na juya takardar, bayanta fari ne,
na fara da gawo.

Da zan hau babur Sallau ya miƙo mini barkono a leda.
"Ka gama awon?"
Na ce sai na dawo bayan damina.
Ya ce, "To ka zo da igiya. Ta Tabawa ta kusa ƙarewa."