Amanar da Na Saya

Ranar Laraba na je wurin Mannir a Ƙofar Ƙaura,
shagonsa taku uku ne, wayoyi sun cinye biyu.
Na ce, "Faifan ajiya nake so, na hannu,
sabo ya fi ƙarfin mai buga wa mutane takardu."

Ya zaro guda daga kwalin taliya,
ya jona, ya kara mini a kunne.
"Saurara, Malam Abashe.
In ka ji ƙas-ƙas kamar ɓera a rumbu, ajiye ka yi gaba.
In yana numfashi sannu kamar jariri ya ƙoshi, taya.
Awowin aikinsa za ka duba, ba ƙyallin bayansa ba,
ko akuya sai an buɗe haƙori ake mata kuɗi.
Abin da kake ji da shi kuwa, kada ka ba faifai ɗaya riƙo."
Ya ce tara, na ce bakwai, ya ce albarka,
a dubu takwas muka sha hannu.

Bayan isha'i a Rafin Daɗi na kunna.
Ashe ba a share shi ba.
Ga rago ɗaure a gindin bedi, ranar sunan wani,
ga amarya ta rufe baki tana dariya,
ga lissafin buhunan gero, bashin da aka biya
da wanda har yau yake jira.
Can ƙasa, murya:
wata tsohuwa tana jero kakanninta,
wane ya haifi wane, wance ta yi aure a Mashi,
ta yi tari, wani yaro ya ce, "Inna, ƙara faɗa."
Ta ƙara.

Nan Nepa ta ɗauke.
Inbata ta yi tsuwa a lungu.
Saude ta leƙo da fitilar waya:
"Batir rabi ne, kuma ka san dokar gidan nan.
Dutsen guga da hita ba su shan sola,
firji da rana yake cin rabonsa,
dare na fanka ne da ƙwan wuta biyu."
Na ce, "Ara mini rabon fanka na awa ɗaya."
Ta dube ni, ta dubi yara suna juyi cikin zufa,
sai tsohuwar ta sake tari.
Saude ta tsaya.
Ta ɗauko mafici ta zauna bakin katifa,
ta ce, "Kada ka goge matar mutane."

Na kwashe komai zuwa filas,
ina kallon layin kore yana jan ciki,
ina kallon idon batir yana komawa ja.
Layin ya kai gaci, gidan ya yi duhu,
tsakaninsu bai kai salati ɗaya ba.

Da safe na koma.
"Mannir, wa ya kawo maka wannan?"
Ya sosa ƙeya. "Wani saurayi, da damina.
Ya ce kuɗin asibiti yake haɗawa.
Ban tambayi suna ba, mai sauri ba ya barin suna."
Muka rataye filas ɗin a ƙusa, saman kalanda,
da 'yar takarda da na buga da manyan baƙaƙe:
Mai tsohuwa 'yar dangin Mashi, muryarta na nan.

Wata huɗu ke nan, ƙusa na riƙe da ita.
Faifan kuwa ya cika da takardun neman aiki,
yana numfashi lafiya, ina kara kunne wani sa'in.

Jiya na je gida na ajiye waya gaban mahaifiyata.
Ta ce, "Me zan ce wa wannan abin?"
Na ce, "Fara daga kakanki."
Ta yi minti arba'in, ta yi faɗa, ta yi kuka kaɗan.
Na ajiye wuri biyu.
Saude ta ce in ƙara na uku.